Wa ya ɗaure zanen da kuka nuna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi a kan marinar Ƙofar Mata ne ya sa na rubuto, kuma ba yabo na zo yi ba. Rabin awa cur kuna zagaya bakin ramukan rini. Kun haska allon da aka rubuta 1498, kun nuna baba da toka da katsi, kun nuna dattijo yana tsoma farin yadi ya ciro shi kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Duk na yarda. Amma da aka baza zanen nan mai ƙananan da'irori fari tas, sai ɗan jaridarku ya hau zuba wa marinin kirari, wai hannunsa akwai albarka. Dattijon, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ai mata ne suke ɗaurewa a gida. Yaronku ya ce "to madalla", ya juya ya nufi wajen mabuga. Shi ke nan, Malam Edita? Da "to madalla" aka sallame mu?

Ni mai ɗauri ce. Ina 'yar shekara 11 Goggona ta zaunar da ni a gindin turmi, ta miƙo mini ƙyallen farin yadi da zaren buhu da tsakuwa cikin murfin kwano. Ki tsinci yadin da yatsa biyu, ki sa tsakuwa ɗaya a ciki, ki naɗe wuyanta da zare, ki ja har sai kin ji zaren ya shige miki fata. Ɗaya ke nan. Zane guda yana iya cin ɗaruruwan irin wannan ƙulli, kuma dole su jeru, don in ɗaya ya kauce ido zai kama shi tun daga bakin zaure. Akwai kuma na allura, wanda za ki bi layi da ɗinki, ki ja zaren yadin ya tattare kamar bakin jaka, sannan ki ƙulle. Wannan shi ya fi cin ido, shi ya sa Goggo ta daina yin sa tun kafin ta tsufa sosai.

Na farkon da na yi, kwana huɗu ina kansa, ina ta jin kaina. Ƙanena ya kai karofi, wato wurin rini, ya dawo da shi, na zauna kwancewa a gaban matan gida. Na buɗe, babu fari ko na ƙwayar gero. Shuɗi ne fes daga wannan baki zuwa wancan, sai ɗan dishi-dishi inda da'irorin ya kamata su fito. Ban ja zaren da kyau ba, ina tausayin yatsuna. Goggo ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ɗaga ƙyallen sama kowa ya gani ta ce, "Baba ba ya rufa wa raguwa asiri." Na yi kuka ranar har na ƙi cin tuwo.

Abin da ɗan jaridarku bai tambaya ba ke nan. Marini ba sau ɗaya yake tsomawa ba. In ana son shuɗi mai duhu, zai tsoma ya ciro ya bar shi ya sha iska, ya sake mayarwa, ya matse, ya sake, ya yi ta yi. Ƙullin da bai ɗauru ba ba zai jure wannan ba, ruwan baba zai sami hanya ya shiga. Farin da kuka haska kuna ta mamaki, wurin da zarenmu ya hana rini shiga ne. Kwancewar ma aiki ce: da reza ake yi, ki ɗan yi gaggawa ki yanke yadin mutane, ki biya daga aljihunki. Abin da ake ba mu kuwa, gara kada na faɗa a nan.

Ba na raina marina. Mahaifina ya sha ba ni labarin yadda Buzaye ke zuwa tun daga Agadez neman turkuɗin Kura, kuma na san haɗa ramin rini ya nuna ba wasan yara ba ne. Amma ku je Abeokuta, kasuwar Itoku, ku ce adire, wato rinin ɗauri na Yarbawa, kowa zai nuna muku mata. A ƙasar Yarbawa har da masu zana yadi da kullun rogo da gashin kaza, kuma an san su da aikinsu. Mu a nan sai a ce "a gida ake yi", kamar aljanu ne ke yi da dare.

In za ku ce muna cikin gida ne, kyamara ba ta shiga, ai kuna da 'yan jarida mata. Ku turo ɗaya ta yi sallama. In ba a yarda a nuna fuska ba, ta nuna hannu, akwai abin gani a yatsun.

Tunda na riga na fara, ku dubi tallar maganin gargajiyar nan da kuke katse shiri da ita. Sau uku aka saka ta a daren, da ƙarar da ta fi ta shirin, mai maganin kuma yana ambaton abubuwan da ba a faɗa a gaban yara. Da surukata muke kallo, sai da na tashi na yi kamar zan duba tukunya.

Zanen nan kuma da kuka baza, in ido bai yaudare ni ba, ɗaurin wata maƙwabciyata ce, bazawara mai 'ya'ya biyar. Na san hannunta, tana matse da'irorin gefe fiye da na tsakiya. Da safe na leƙa na tambaye ta ko ta ga aikinta a talabijin. Ta ce an ɗauke musu wuta tun la'asar.

Wassalam.

Mai kallonku,
daga cikin birnin Kano