Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar "burodin 'yan gayu"

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya tare da iyali.

Ranar Asabar da ta wuce wata hajiya ta dawo mana da bagat, dogon burodin nan na Faransa, guda biyu a leda, ranta a ɓace, ta ce mun sayar mata da kwantai, ɓawonsa ya kusa cire mata haƙori. Yaron da ke kan kanta, maimakon ya yi mata bayani, sai ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Hajiya, ai ba ki saba da irinsa ba ne." Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Mun taka har gida mun ba ta haƙuri, ta kuma yafe, Allah Ya saka mata. Yaron ya yi kuskure, amma tushen laifin namu ne. Mun koya masa furta sunayen Faransanci, ba mu koya masa yadda zai yi wa uwa bayani cikin ladabi ba.

Mun daɗe muna jin ana kiran shagon nan gidan burodin 'yan gayu, muna toshe kunne. Wannan karon gara mu yi magana.

Taurin ɓawon bagat ba alamar kwana ba ne, haka ake so ya fito. Tururi ake sakar masa a cikin tanda a farkon gashi, shi ke sa bayansa ya yi ƙamas, cikinsa kuma ya yi laushi da ramuka. Babu sukari a ciki, babu madara, babu mai. A Faransa ma doka ce: tun 1993 duk burodin da za a kira na gargajiya, fulawa da ruwa da gishiri da yisti ne ginshiƙinsa, ba a zuba masa sinadarin adanawa, ba a kuma daskarar da shi. Shi ya sa ba ya jure kwana. Na safe a ci shi da safe.

Abin dariyar shi ne, wannan burodin da ake wa kallon na masu kuɗi a Kano, ku tsallaka Maraɗi ko Damagaram ku gani. A teburin mai shayi za ku same shi, a tsaga shi da wuƙa, a cusa soyayyen ƙwai, ɗan kabu-kabu ya ci ya kama gabansa. Mai gashinmu a can ya koyi aikin. A Paris kuwa, tun 1994 ake gasar wanda ya fi iya bagat duk shekara, wanda ya lashe ta, shi zai riƙa kai burodi fadar shugaban ƙasa har shekara guda. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, sau biyu yana lashe ta, a 2010 da 2015. Da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar bagat cikin jerin al'adun gado na duniya a 2022, sana'ar masu tashi da tsakar dare ta karrama, da al'adar mutumin unguwa da ke fita sayen burodi kowace safiya.

Kurwasan, ɗan burodin botar nan mai ninki-ninki, shi ne mai tsada, wannan ba za mu musa ba. Ga dalilin. Ana shimfiɗa bota mai sanyi a tsakiyar kwaɓin, a murza, a ninka uku, a mayar firji ya huta. A sake, a kuma sake. Ninki uku sau uku ke ba da shimfiɗar bota 27, su ne kuke gani suna ɓarewa kamar takarda. Idan botar ta narke a hannu, aikin ya tashi a banza, fanke kawai za a samu mai siffar jinjirin wata. To ku auna wannan da zafin watan Afrilu a garin nan, ga wuta da ba ta tsayawa. Janareto ke kwana yana ruri don bota ta zauna da sanyinta. Alkamar da ake yin fulawar, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, duk motsin dala sai ya taɓa mu. Da majarin za mu yi, da farashin ya sauka sosai. Mun gwada sau ɗaya, maiƙon ya manne a dasashi, muka haƙura.

Sai dai masu zargin nan ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Akwai masu zuwa nan ba don ci ba, don hoto. Wani ma mun ji shi yana gyara wa abokinsa yadda ake furta kurwasan, alhali shi ma bai faɗa daidai ba. Wata rana wani saurayi ya ce wai shi ya wuce cin gurasa. Mun yi shiru don ciniki, bai kamata ba. Matar da ke manna gurasa a bangon tanderu a Jakara, hannunta cikin wuta, tana gane ta gasu da ido kawai, ta fi mu daɗewa a sana'ar nan. Mu kanmu in an tashi aiki, bandashe muke aikawa a sayo.

Daga Litinin mai zuwa za ku ga canji. Kowane burodi za a rubuta bayaninsa da Hausa a ƙasan sunansa, da abin da ke ciki. Za mu fara sayar da rabin bagat ga mai son gwadawa, kuma akwai ɗanɗano kyauta a kan kanta, ba sai an saya ba. Wanda ya fi son mai laushi ya tambayi biriyosh, yana da ƙwai da bota, yara da tsofaffi sun fi sonsa. In bagat ya kwana muku, ku yayyafa masa ruwa kaɗan ku ɗumama shi minti biyar, zai dawo.

Gashin farko yana fitowa bayan sallar asuba, na biyu bayan la'asar. Duk wanda aka yi wa maganar da ba ta dace ba a shagon nan, ya nemi mai shagon kai tsaye, yana nan kullum ban da Juma'a da rana.

Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Mai shago da ma'aikata