Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani Kan Ɗakin Gwajin Hatsi A Zariya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ɗaya ya sa na rubuto maka: a kafa wa Jihar Kaduna ɗakin gwajin amfanin gona a Zariya, a sa masa na'urar da masana ke kira LC-MS, a kuma ware masa kuɗin gudanarwa duk shekara.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda ragowar maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa buhu, wato dichlorvos, wanda muka fi sani da fiya-fiya. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Su sun auna sun ƙi, mu kuwa da irin waken nan muke ƙosai da alala muna ba yara. Ga kuma aflatoxin, gubar da fumfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa idan ba su bushe sosai ba. Tana jawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Ido ba ya ganin waɗannan, sai na'ura. Aikinta kashi biyu ne, kamar a tankaɗe gari sannan a ɗora kan sikeli. Za a niƙa waken, a jiƙa a sinadari, a tace, a ɗibi abin da bai kai ɗigo ba. Famfo ya tura shi da ƙarfi cikin wani siririn bututun ƙarfe da bai wuce tsawon biro ba, cike da garin silika mai laushi. Wani sinadarin yakan maƙale ya yi jinkiri, wani ya wuce da sauri, sai su fito ɗaya bayan ɗaya. A bakin bututun ana fesa ruwan da wutar lantarki mai ƙarfi, ƙwayoyin sinadaran su ɗauki caji, su shiga ɗakin da aka zuƙe wa iska, a auna nauyin kowacce. Wannan dabarar fesawa ce ta samo wa masanin kimiyya John Fenn kyautar Nobel a 2002. Da lokacin fitowa da nauyi ake gane guba da sunanta da yawanta, ko da kashi ɗaya ce cikin biliyan.

Zariya ta dace da wannan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru mai fitar da irin wake da masara da gyaɗa, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga kasuwannin hatsi na Giwa da Makarfi a kusa.

Amma ranka ya daɗe, saye shi ne mai sauƙi. Famfon zuƙe iska dare da rana yake aiki; wuta ta ɗauke, sai an jira awanni kafin na'urar ta daidaita, wani lokacin ma ta lalace. Tana shan iskar naitirojin mai yawa, tana son sinadarai masu tsafta ƙwarai da injiniyan da zai riƙa duba ta. Na taɓa ganin babbar na'ura lulluɓe da leda, ƙura ta hau kanta, don an rasa kuɗin wani ɗan ƙarfe guda. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Don haka a haɗa da sola da batura, da yarjejeniyar gyara ta shekaru, da horar da matasanmu, a kuma sa farashin da ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwa mai tirela guda zai iya biya.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Samaru, Zariya