Wasiƙa ga 'Yata Mai Jego a Kan Zogale

Assalamu alaikum. 'Yata, ya jego, ya ƙarfin jiki? Ya mai sunan Malam? Allah Ya raya mana shi, ke kuma Ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaishe min da maigidan naki.

Ƙanwarki ta ce kina fama da jiri, har likita ya ce jininki ya yi ƙasa. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na haɗo miki busasshen zogale a cikin saƙon nan, na bishiyar bayan ɗakina ne, da hannuna na zage shi.

Kada ki raina shi don kin saba ganinsa a tiren 'yan talla. Ganyen nan yana da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi, yana da kalshiyam na ƙarfin ƙashi, da bitamin A na lafiyar ido. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, ga jinjiri na tsotso dare da rana, wannan ne abincinta.

A inuwa na shanya shi, shi ya sa za ki gan shi kore shar. Rana tana cinye amfaninsa, don haka in kin ga na kasuwa ya koɗe ya yi ja-ja, ki bar musu kayansu. Ki daka ki tankaɗe, ki riƙa barbaɗa cokali ɗaya a miya ko a kunu in an kusa saukewa. In kin samu ɗanye, kwaɗo ya fi: a dafa shi sama-sama, a sa ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, a matsa lemon tsami, domin tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi, ki ba da tazara tsakaninsu. Kuma don Allah ban da kanwa wajen dafawa. Ko kunun kanwar jegon ma ki sassauta, likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawanta na wahalar da zuciyar mai jego.

Ganye kawai na ce, ki ji da kyau. Saiwa da ɓawon bishiyar ba naki ba ne, ga mai ciki ma suna iya jawo ɓari. Masu yawo da lasifika suna cewa zogale na maganin kowace cuta, ki toshe kunnenki. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki a asibiti ki shanye su tas, zogale taimako ne kawai. In surukarki mai ciwon suga ta ce za ta riƙa sha kullum, ta fara gaya wa likitanta, don yana iya ƙara saukar da suga a kan maganin da take sha.

Yaron nan kuwa nono zalla har wata 6, ko ruwan zogalen kada a ɗiga masa. In kika ga ƙafafunki na kumbura, ko kina haki daga ɗan motsi, a ranar ki sa a kai ki asibiti, kada ki jira a gama arba'in.

In garin ya kusa ƙarewa ki aiko da wuri, akwai wani a shanye.

Taki,
Inna