Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar ARSN mai sa ido kan tsaron nukiliya a Nijar: a sa ido kan littafin gyara tun kafin a kafa tashar nukiliya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ni mai aikin lantarki ne a Damagaram, na tsufa cikin gyaran injuna. Tun da aka ji a watan Yulin 2025 cewa gwamnati ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan yarjejeniyar fahimtar juna game da makamashin nukiliya, zancen bai bar fadojin gari ba. Kowa kuran yake so, kuma da gaskiyarsa, tunda ana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 amma har yau gidaje da yawa da fitila suke kwana. Ni ma ina so. Sai dai hukumar da kake shugabanta ita doka ta ɗora wa tsare lafiyarmu a wannan fanni, shi ya sa na kawo roƙona gare ka: a kafa ƙa'idar da za ta tilasta wa duk wanda ya sayar mana da kayan tsaro na nukiliya ya kawo rahoto da zarar an gano kuskure a littafin gyaransu.

Mai gyara ba da ka yake aiki ba. Littafin ne ke gaya masa wane giris zai sa, da wane ƙarfi zai ɗaure noti, bayan wata nawa zai canza sashe kaza. In littafin ya yi kuskure, ma'aikacin da ya fi kowa bin ƙa'ida shi zai fi yin ɓarna, kuma hankalinsa kwance. Kayan tsaro kuwa zaune suke shiru, sau da yawa ba a gane sun lalace sai ranar da aka neme su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a tashar nukiliya ana sa na'urar tsaro biyu ko fiye don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, amma da littafi ɗaya ake gyaransu duka. Kuskure guda a shafi guda ya isa ya kwantar da su tare.

Haka ta faru a tashar Salem da ke jihar New Jersey ta Amurka a 1983. Akwai makatsan wuta biyu a jere, waɗanda in ɗayansu ya buɗe, sandunan da ke kashe tukunyar nukiliya sai su faɗa ciki da nauyinsu. Ranar 25 ga Fabrairu na'ura ta ba da umarnin kashewa, duka biyun suka ƙi buɗewa. Ma'aikaci ne ya kashe da hannu, ƙasa da minti guda bayan haka. Da aka koma kan bayanan kwamfuta, sai aka tarar irin wannan ta riga ta faru ranar 22 ga watan ba wanda ya lura. Bincike ya nuna wani ƙaramin sashe ne ke cijewa saboda rashin kulawar da ta dace, kuma bayanin da mai ƙera makatsan ya fitar shekaru kafin nan kan tsaftacewa da sa mai bai shiga aikin masu gyaran tashar ba. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Amma a watan Yulin shekarar, hukumar NRC mai sa ido kan nukiliya a Amurka ta umarci tashoshi su kafa tsarin tuntuɓar masu ƙera kaya, don littattafan da ke hannun ma'aikata su zama cikakku kuma na yanzu.

Suna kuma da wata ƙa'ida tun 1977, sashe na 21 na dokokin hukumar. Wanda ya ga alamar aibi yana da kwana 60 ya tantance ko zai iya jawo babban haɗari. In ya tabbata, a sanar da hukuma cikin kwana 2, rubutaccen rahoto ya biyo cikin kwana 30. In mai sayarwa ba zai iya tantancewa ba, dole ya gaya wa waɗanda suka saya cikin kwanakin aiki 5. Rahotannin kuma suna intanet, kowa na iya karantawa. Ban ce a kwafo ta yadda take ba, amma wa'adi da sunan wanda alhaki ke wuyansa su ne ƙashin bayanta.

Mu namu ya fi nasu wuya. Littafin zai zo ne da Rashanci ko Ingilishi, a mai da shi Faransanci, sannan babban injiniya ya yi wa yaransa bayani da Hausa ko Zabarmanci. A kowace gaɓa lamba na iya sauyawa. Don haka fassarar ma a ɗauke ta kayan tsaro, hukumarka ta san wa ya yi ta, wa ya duba, kuma bugu na nawa ne ke hannun ma'aikata. Ga yanayi kuma. Wa'adin canza matatar iska ko giris da aka rubuta don ƙasar sanyi ba zai yi daidai da zafin watan Afrilu da ya wuce digiri 40 ba, balle ƙurar hunturu mai shiga ko'ina. Littafin da bai san da wannan ba, a wurinmu mai aibi ne ko da daidai yake a ƙasarsu.

Sai batun ƙaramin ma'aikaci. Shi ke fara ganin cewa abin da ke rubuce bai yi daidai da abin da ke gabansa ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya gyara wa babba magana, balle ya ce baƙon ƙwararre ya yi kuskure. In ba a buɗe masa hanyar kai rahoto kai tsaye ga hukumarka ba, tare da kariyar doka daga kora ko sauyin wurin aiki na horo, shiru zai yi.

Ranka ya daɗe, kada a jira sai an aza harsashi. Tun 2021 akwai na'urar gashin ciwon daji a cibiyar yaƙi da cutar ta Yamai, ita ma da littafi ake kula da ita, ana iya fara aiki da ƙa'idar a can. Kuma a rubuta wannan sharaɗi cikin kwangila tun ana ciniki, domin bayan an biya kuɗi mai sayarwa ba shi da dalilin karɓar sabon nauyi. Ina roƙon a fitar da daftarin ƙa'idar a fili, a kawo shi jihohi har da Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, malamai da masu sana'a su karanta su faɗi abin da suka gani.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai aikin lantarki,
Unguwar Birni, Damagaram