Tabon masai daga ruwan bohol: a daina haɗa bilic da asid

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da iyayenmu mata da masu shara a ofisoshi da makarantu, kan abin da ake jin nauyin faɗa a bainar jama'a, wato zoben nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa cikin masai na tangaran, daidai inda ruwa ke kwanciya.

Ni aikin famfo nake yi a Sakkwato. Sau da yawa akan kira ni a ce in cire masai in sa sabo, wai ya tsufa ya ƙi wankuwa. Wani gidan kuma sai in tarar Hajiya ta tasa yarinyar aiki gaba da faɗa, ana ce mata ƙazama. Yarinyar ba ta da laifi, ruwan ne. Yankinmu na da dutsen farar ƙasa sosai, shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Ruwan bohol da ya ratsa wannan dutse yakan kwaso sinadarin kalsiyam, in ya bushe ya bar shi manne. Shi ne farin ɓawon da ke cikin butar shayi, shi ke toshe ramukan shawa, shi ke hana sabulu kumfa. In ruwan na ɗauke da ƙarfe sai tabon ya yi ja, don tsatsa ce ta hau kai.

To ga inda gizo ke saƙa. Bilic, irin su Hypo da Jik, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya narkar da wannan ɓawo, tabon tsatsa ma ƙara kama shi yake yi. Sai mace ta zuba, ta goge har hannu ya gaji, ta ga shiru, ta ɗauko maganin wanke masai mai asid ko ruwan batir ta ƙara a kai. Haɗuwar biyun na fitar da iskar kulorin, wadda aka yi makami da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Banɗakunanmu kuwa kun san su, ƙofa a rufe, taga kamar tafin hannu, ita kuma tana duƙe fuskarta a bakin masai. Ido ya hau ruwa, tari ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure. Wanda hakan ta same shi ya fita waje nan take, a bar ƙofa a buɗe, in numfashi bai daidaita ba a wuce asibiti, kada a tsaya shan madara ko manja.

Tsami ne maganin ɓawon, kuma ba sai mai ƙarfi ba. A rufe makunnin ruwan da ke bayan masai, a ja ruwa, a kwashe sauran da kofi har zoben ya fito fili. A jiƙa tsumma da ruwan khal ko ruwan lemun tsami, a manna shi kan tabon, ya kwana. Da safe a cire tsumman (kada a kora shi ciki, aiki za a ja mini), a sa buroshi. In ɓawon ya yi shekaru yana taruwa sai an maimaita, abin da ya yi taurin kai kuma a jiƙa dutsen goge kaushi a murza a hankali, yana jiƙe tangaran ma yana jiƙe. Ban da soson ƙarfe, ban da wuƙa. Da an kankare santsin tangaran, datti ya sami wurin zama ke nan har abada.

Na ga ana yaɗawa a Facebook cewa a gauraya khal da baking soda ko kanwa don ƙarin ƙarfi. Kumfar ce ke ruɗin mutane. Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san kanwa kashe tsami take yi, to me ya rage da zai ci ɓawon?

Maganin kanti mai asid yana aiki in an sa shi shi kaɗai, da safar hannu, taga a buɗe, kada ya taɓa kan famfo ko daɓen tarazo. Ruwan batir kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, yana cinye simintin da ke tsakanin tayil, ya ƙone fata.

In an wanke, bayan mako biyu aka ga layin tabo ya sake gangarowa daga sama, tankin da ke bayan masai ne ke yoyo. A ɗiga bula a cikinsa, a bar shi rabin awa ba a ja ruwa ba. In shuɗi ya bayyana a masai, robar ƙasan tankin ta mutu, canza ta kuma bai kai kuɗin da ake kashewa kan magunguna ba.

Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne su leƙa kasuwanni, inda ake ɗura asid a gorar ruwan sha ba ko rubutu a jiki, a kai shi gidan da yara ke rarrafe.

Wassalam.

Mai aikin famfo,
Sakkwato