Wasiƙa a kan mai jitar da ya cinna wa jitarsa wuta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan Damagaram zafi ya fara, sai godiyar Allah.

Musunmu na da ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kai ne kullum mai cewa kiɗan jitar Turawa hayaniya ce kawai, ba ta kama ƙafar gurmi. To na samu fim ɗin wasan da Jimi Hendrix ya yi a bikin kiɗa na Monterey, a jihar Kalifoniya ta Amurka, daren Lahadi 18 ga Yuni 1967, wanda D. A. Pennebaker ya ɗauka. Da farko ma mutumin ba Bature ba ne, baƙar fata ne haifaffen Seattle. Ya yi shekaru yana kiɗa a bayan mawaƙa irin su Little Richard ba wanda ya kula da shi, sai da ya tafi Landan a 1966 sannan tauraronsa ya haska. Paul McCartney, mawaƙin Ingila na ƙungiyar Beatles, shi ne ma ya ba masu shirya bikin shawarar su gayyato shi. Ka ji fa, sai da Ingila ta yaba shi kafin gida su san suna da shi.

Su uku ne rak a dandamali: shi, da Noel Redding mai jitar bes, da Mitch Mitchell mai ganguna. Amma in ka rufe ido sai ka rantse mutum shida ne.

Abin da kowa ya sani game da daren nan shi ne wutar. A ƙarshen wasa ya durƙusa, ya kwantar da jitar, ya tsiyaya mata man kyastu, ya ƙyasta ashana, ya riƙa yafito harshen wutar da yatsu, sannan ya ɗaga ta ya rotsa da ƙasa ya jefa wa jama'a guntayen. Kyamara ta hasko wata budurwa a cikin 'yan kallo, baki buɗe, ta rasa ko tafi za ta yi ko gudu. Ni kam wannan wurin ne ya fi ba ni haushi. Ƙungiyar The Who ta riga shi hawa a daren, sun farfasa kayan kiɗansu, shi kuma ba ya so a ce an fi shi. Gasa ce ta samari. An ce makaɗin nan Ravi Shankar na Indiya, wanda ya yi nasa wasan da ranar, bai ji daɗin abin ba ko kaɗan, kuma ina bayansa. Makaɗin da ya san wahalar samun abin kiɗa ba ya ƙona shi.

Ka bar wutar, ka kalli hannuwansa. Bahago ne, sai ya ɗauki jita ƙirar Fender Stratocaster ta masu dama ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Yatsunsa dogaye ne, har babban yatsa yake zagayowa da shi ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran huɗun suna can ƙasa suna wani aikin daban. Shi ya sa kake jin kamar mutum biyu ne ke kaɗawa. Ga shi yana taunar cingam yana murmushi, ko kallon hannun ba ya yi. Kaɗawa da haƙori da ta bayan ƙeya duk ya yi, amma waɗannan na burge 'yan kallo ne.

Sai kukan lasifika. Ka san ƙarar nan da ke tashi a wurin biki in makirufo ya matso kusa da lasifika, kowa ya toshe kunne ana harar mai inji? Ita ya mayar kiɗa. Yana matsawa gaban lasifikar da gangan, ƙarar ta taso, ya kama ƙarfen da ke jikin jitar ya lanƙwasa ta sama da ƙasa yadda ya ga dama. Da a faifai kawai na ji, da na ce dabarar masu naɗa sauti ce. Fim ne ya nuna da hannu ake yi.

Amfanin ɗaukar ke nan a ganina. Hendrix ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, amma Bombino, makaɗin jitar Buzaye na Agadas, da iyalinsa suka yi hijira zuwa Aljeriya lokacin tawayen Buzaye na 1990, ya sha faɗin cewa da kallon bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler, wani mai jita ɗan Birtaniya, shi da abokansa suka riƙa kwaikwayon yadda ake sa yatsu. Kai da kake rawa da kai in an sa jitar Buzaye a gidan biki, ashe ka daɗe kana jin ɓurɓushin abin da kake kushewa.

Zan turo maka ta WhatsApp in intanet ta yarda. Ka sa abin ji a kunne, kada ka kalla ta lasifikar waya, kuma ka fara daga farko, ban da tsallakawa zuwa wurin wutar, na san halinka. In ka gama ka rubuto, ko da zagi ne.

Ka gaida Hajiya da uwargida da yara. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo Babbar Salla.

Naka har kullum,
Amininka