A daina shafa wa garmahon kakanni fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili in yi magana da masu tsohon garmaho a ɗakin ajiya.

Da aka zo rabon gadon kakanmu, ba wanda ya kalli akwatin nan mai ƙafa huɗu, sai ni. Ƙanwata cewa ta yi a kai wa kafinta ya goge da samfefa, ya zuba masa fenti ya zama ma'ajiyar kwanuka. Allah ya sa na fara ɗaga murfin. A ciki ga hoton karen nan mai kasa kunne a bakin ƙaho, da rubutun His Master's Voice, da sunan garin Hayes na Ingila, inda masana'antar take a wancan zamani. Da samfefa ta bi ta kansa, da shi ke nan, asalin kayan ya tafi. Irin wannan ƙahonsa a ciki yake ɓoye, ƙofofin gaba su ne abin rage murya: ka buɗe ta tashi, ka tura ta kwanta.

Katakon ban yi masa komai ba sai tsumma mai laushi da ɗan kakin goge katako. Na so in sa sifirit, aka hana ni, domin ƙyallin da ake shafa wa irin waɗannan akwatuna yana narkewa a cikinsa, haka ma fayafayan. Ƙafa ɗaya ce gara ta ci, ita kaɗai aka yi wa ƙari.

Injin ne ya ba mu aiki. Kana wana hannun sai ka ji "gum" daga ciki, tsohon giris ya daskare a jikin sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya injin. Wani dattijo mai gyaran keken ɗinki ya wanke shi da kananzir. Kafin ya buɗe gwangwanin da sifirin yake ciki ya kori yara daga shagon, ya ce in ƙarfen nan ya kufce yana iya tsinke yatsa. Robar da ke riƙe da tantanin kan allura ta bushe ƙamas, muka maye ta da siririyar robar bawul na keke. Ni dai dariya na yi, amma ta zauna daram.

Yanzu yana juyi 78 a minti kamar yadda aka ƙera shi. Allurar ƙarfe ce, ana sauya ta bayan fuska ɗaya ko biyu, in ba haka ba ta cinye faifan.

Masu saye kuma su yi hattara. Waɗannan masu ƙaton ƙahon tagulla mai walƙiya da ake tallatawa, yawancinsu haɗin baya-bayan nan ne daga Indiya, an manna musu hoton kare kawai. A leƙa injin tukuna kafin a zaro kuɗi.

Abin da ya rage mini allurai ne, saura goma sha ɗaya a ɗan gwangwanin kaka. Mai wasu a ajiye ya sanar ta wannan fili.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya